Abin da Ke Sa Saƙon Imel Ya Makara a Sabar

Da saƙon imel ya makara, sai a ɗora wa intanet laifi, alhali sau tari matsalar tana wajen neman suna. Kafin sabar ta karɓi saƙo ko ta tura shi, takan tambayi DNS, wato kundin da ke haɗa sunayen kwamfutoci da lambobinsu. Idan DNS na farko da aka rubuta a fayil ɗin /etc/resolv.conf ya daina amsawa, Linux kan jira daƙiƙa 5 kafin ya juya ga na biyu, kuma haka zai yi a kowace tambaya. Saƙo ɗaya kuwa yakan jawo tambayoyi da dama, sai jinkirin ya yi ta taruwa.

Manhajar tura imel ta Sendmail kuma tana da wata ɗabi'a mai cin rai: in ba ta gano cikakken sunan kwamfutar da take kai ba, takan tsaya minti ɗaya cur kafin ta sake gwadawa. Layi ɗaya mai ɗauke da cikakken sunan a fayil ɗin /etc/hosts yana magance wannan.

Mai kula da sabar, kafin ka sayi sabuwar na'ura, gwada umarnin dig ka ga tsawon lokacin da amsar DNS ke ɗauka.