Ruwa a Huhu: Yadda Ake Auna Shi Ba Allura Ba Yanka

Yau za mu yi magana ne a kan ciwon gazawar zuciya.

Idan zuciya ta yi rauni, ba ta iya tura jini yadda ya kamata. Sai jinin ya yi cunkoso a jijiyoyin huhu, ruwa ya riƙa tsattsafowa yana cika inda iska ke shiga. Shi ya sa za ki ga mace tana haki, ƙafa ta kumbura, ba ta iya kwanciya sai ta tara filo biyu ko uku. Mu nan Arewa abin yana yawan kama masu jego. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawansa, suka kuma ja kunne kan kunun kanwa, domin gishirin da ke cikin kanwa yana riƙe ruwa a jiki.

To, yaya likita zai san yawan ruwan? Da farko yana sa abin sauraro a bayanki, sannan a ɗauki hoton ƙirji. Akwai kuma sikanin, irin dai wanda ake yi wa masu juna biyu. Idan aka ɗora shi tsakanin haƙarƙari, ruwan yana fitowa kamar fararen layuka a tsaye, yawan layukan yawan ruwan. Akwai ma wata na'ura mai suna ReDS da aka amince da ita a Amurka a 2015. A kan tufafi ake ɗora ta, cikin minti ɗaya zuwa biyu ta nuna adadin. A huhu mai lafiya ruwan yana tsakanin kashi 20 zuwa 35 cikin 100. Da wannan awo ne likita ke sanin ko zai ƙara maganin da ke fitar da ruwa ta fitsari, ko ya rage.

Ke ma kina da naki awon a ɗaki. Idan akwai sikeli, ki hau kowace safiya bayan kin kama ruwa. Nauyi ya ƙaru da fiye da kilo 2 cikin kwana 3, to ruwa ne ke taruwa. Ki rage gishiri da kanwa, kada ki bar magani don kin ji sauƙi.

Maigida, idan uwargida ta ce numfashinta na ɗaukewa cikin dare, kada a ce gajiyar jego ce. A kai ta asibiti a ranar. Allah Ya ba mu lafiya, amin.