Satiru 1906: Tsakanin Mai Laifi da Wanda Ya Sha Hukunci

Tun bayan harin 11 ga Satumba 2001, da yaƙe-yaƙen da suka biyo baya a Afganistan da Iraƙi, muhawara ba ta lafa ba game da wanda ya cancanci zargi: masu aikata ta'asar, ko addinin da suke iƙirari, ko al'ummar da suka fito daga cikinta. Wannan tambaya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Sakkwato, domin ƙauyen Satiru, da ke kusa da Danchadi a yankin Bodinga, ya sha ɗacinta fiye da shekara ɗari da suka wuce.

A watan Fabrairu 1906 mutanen Satiru, ƙarƙashin Malam Isa da wani malami mai laƙabin Ɗan Makaho, sun yi tawaye da da'awar Mahadiyya. Sun far wa maƙwabtansu da suka ƙi binsu, sannan ranar 14 ga watan suka murƙushe rundunar da Turawa suka aika, suka kashe jami'an Ingila uku da sojoji 25. Ranar 10 ga Maris wata runduna ta dawo da bindigogi masu sarrafa kansu, tare da dakarun Sakkwato, a zamanin Sarkin Musulmi Attahiru na Biyu. An ƙiyasta waɗanda aka kashe da kimanin 2,000. Aka kwashe mata da yara, aka rushe garin, aka hana sake gina shi.

Ba a daidaita tawayen Satiru da ta'addancin yau ba. Abin da ya haɗa su shi ne yadda aka yi rabon zargi. Rahotannin mulkin mallaka sun jingina fitinar ga tsaurin addini, alhali binciken masana tarihi irin su Lovejoy da Hogendorn ya nuna cewa da yawa daga mazauna garin talakawa ne da bayin da suka gudo. Da zarar an ce addini ne sanadi, an rufe ƙofar binciken zalunci da talauci, an kuma buɗe ta hukunta gari sukutum.

Shari'a ta riga ta warware wannan. Suratul An'am, aya ta 164, ta kafa ƙa'idar cewa alhakin laifi yana kan mai shi kaɗai. A babin bugatu, wato masu tawaye, malaman Malikiyya sun shardanta a fara kiransu zuwa ga gaskiya kafin yaƙi, sun hana bautar da su, sun hana ƙona itatuwansu. Madogararsu ita ce yadda Sayyidina Aliyu ya bi da abokan hamayyarsa a yaƙin Raƙumi, shekara ta 36 bayan Hijira.

Wannan ma'auni yana da kaifi biyu. Yana hana ɗan ta'adda kashe manomi a gonarsa da sunan ramuwa, yana kuma hana hukuma ko 'yan sa-kai ɗaukar ruga ko ƙabila gaba ɗaya a matsayin maƙiya. Abin da ya faru a Tudun Biri ta Jihar Kaduna a Disamba 2023, inda harin sama ya hallaka masu bikin Mauludi bisa kuskure, shaida ce cewa yaƙi da ta'addanci ma yana buƙatar hisabi.

Saboda haka, wajibi ne ga malamai da ɗalibai, daga zaurukan Bodinga zuwa na Shagari, su kira laifi da sunansa ko da Musulmi ne ya aikata shi, su kuma ƙi yarda a rataya shi a wuyan wanda bai ji ba bai gani ba. Allah ne Mafi sani.