Tsakanin Nisa da Tazara: Asalin Kalma da Nauyinta a Takardun Gwamnati

Kalmar distance, wadda ke yawan fitowa a takardun ma'aikatu, ta samo asali ne daga distantia ta harshen Latin, ma'ana tsayawa a rarrabe. Ta shigo Ingilishi ta hanyar tsohon Faransanci, kuma a farkon shigowarta saɓani ko husuma take nufi. Daga bisani ne ta tsaya a kan filin da ke tsakanin wuri da wuri.

Hausa kuwa ta rarraba wannan ma'ana gida uku. Nisa, 'yar ɗakin su nesa da nisanta, ita ce tsawon tafiya, kamar kilomita 186 na layin dogo daga Idu a Abuja zuwa Rigasa a Kaduna. A da, fatake kan ƙidaya ta da zango, wato inda ayari ke yada kaya bayan tafiyar yini. Tana kuma ɗauke da ƙanshin rabuwa, shi ya sa ake cewa wanda ya yi nisa ba ya jin kira. Rata ta fi zama a wurin gasa, inda wani ya tsere wa wani, a sukuwa ko a ƙuri'a. Tazara kuwa fili ne da akan bari tsakanin abu biyu, sau da yawa da gangan. Ba ta da dangantaka da tazarce, wadda aka ƙera daga "ta zarce" a zamanin Janar Sani Abacha.

Bambancin ba na malaman harshe ba ne kaɗai. Lokacin da jami'an lafiya suka riƙa magana a kan ƙayyade iyali, magidanta da dama sun ji kamar ana neman yanke musu zuri'a. Da aka koma cewa tazarar haihuwa, sai saƙon ya zama na hutar da uwa da raino mai kyau, abin da al'ada ta riga ta sani ta hanyar shayarwa har zuwa yaye. Haka a shekarar 2020, lokacin annobar korona, kiran a ba da tazara ya fi kiran a nisanci juna sauƙin shiga kunne, ga al'ummar da ta ɗauki zumunta da muhimmanci.

Don haka hadimin da aka ba shi fassarar sanarwa yana da alhakin tantance wacce daga cikin ukun ake nufi. Kuskure a nan na iya mayar da shawara ta zama barazana a kunnen jama'a.