Dogo Ɗaya, Turanci Uku

Ran nan na je duba wani ɗalibinmu da ke gwajin koyarwa a wata makarantar firamare kusa da Kagoro. Ya ba 'yan aji biyar aiki, su rubuta jimloli a kan hedimastansu. Wani yaro ya rubuta, "Our headmaster is a long man." Malamin ya soke "long" da jan alkalami, ya rubuta "tall" a bisa, ya wuce bai ce kome ba. Kashegari aka ce su rubuta a kan hanyar Kafanchan, sai yaron nan ya rubuta, "The road to Kafanchan is very tall." Aka sake soke masa. Yaro ya zauna ya yi tagumi.

Ni dai ban ga laifin yaron ba. A gida yana jin Gworok, ko Tyap, ko Jju. A kasuwa da filin wasa yana jin Hausa, kuma a Hausa hedimasta dogo ne, hanya ma doguwa ce. Laifin na malamin ne, domin ya gyara kalma, bai gyara tunani ba. Inda Bahaushe ya ke da "dogo" ɗaya, Bature yana da uku, watau "long" da "tall" da "high", kowace da gonarta.

"Long" ita ce mai sauƙi. Ana faɗinta ga abin da ya miƙe daga wannan baki zuwa wancan, kamar igiya, da hanya, da kogi. Layin dogon da ya iso Kafanchan wajen 1927, har ya mai da ita mahaɗar jiragen ƙasa, "long" ne, ba wanda zai ce masa "tall", ko da ya ke sunansa na Hausa dogo. Ana kuma faɗinta ga lokaci. Marigayi Malam Gwamna Awan ya riƙe sarautar Kagoro daga 1945 har 2008, shekara 63 ke nan, to, wannan shi ne "a long reign".

Rikicin yana tsakanin "tall" da "high", don dukansu sama su ke duba. "Tall" ta abin da ke tsaye da gindinsa a ƙasa ce, wanda tsawonsa ya fi faɗinsa ƙwarai, kamar mutum, da giginya, da hasumiya. "High" kuwa ba ruwanta da siffa, abin da ta ke aunawa shi ne nisan kan abu daga ƙasa. Ku ɗaga kai ku dubi Dutsen Kagoro. Ya yi bisa, amma faɗinsa ya fi tsayinsa nesa ba kusa ba, saboda haka "a high hill" ne. Haka katanga, haka ruwan Matsirga da ke zubowa daga kan dutse. Har abin da ba ya taɓa ƙasa sam, kamar shirwa a sararin sama, "high" a ke ce masa. Yaro gajere in ya hau mangwaro ya zama "high up", amma bai zama "tall" ba. Ku yi hankali kuma kada ku ce da mutum "he is high", gama a Turancin yau ma'anarsa ya sha wani abu ya bugu. Wannan ba maganar da za a faɗa a kan hedimasta ba ce.

Akwai dabara guda mai taimako, ita ce a tambayi kishiyar kalma. Kishiyar "long" da ta "tall" duka "short" ce, daidai da "gajere" namu. Amma kishiyar "high" ita ce "low". In abu zai yiwu a ce masa "low", kamar katanga ko farashi ko murya, to, "high" ce tasa.

"Babba" ma haka ta ke, har ta fi "dogo" rarrabuwa. "Big" da "large" kusan ɗaya su ke wajen girman jiki, sai dai "big" ta hira ce, "large" ta fi zama a takarda, musamman wajen yawa, kamar "a large number". "Great" kuwa girman daraja ce. Saboda haka "a great man" shi ne wanda aikinsa ya sa a ke tunawa da shi, "a large man" ƙato ne mai jiki, "a big man" kuwa a bakinmu na Nijeriya mai kuɗi ne ko mai muƙami. Wanda ya so ya yabi sarki a takardar jarrabawa ya rubuta "a large chief", ya ce sarki mai ƙiba ne, ba shi ya nufa ba. Babban wa kuma "elder brother" ne ko "older brother". Nan ƙasar mun saba da "senior brother", kowa yana ganewa, amma mai duba jarrabawa yana iya soke shi. Kuma ba a cewa "elder than", sai "older than".

Wani zai ce, me ya sa Turawa su ka tara kalmomi haka? Dalili guda shi ne harshensu gauraye ne. "Great" da "long" da "high" nasu ne na asali. "Large" kuwa daga Faransanci ta shigo, bayan mutanen Normandi sun ci Ingila a 1066, kuma a Faransanci har yau ma'anarta mai faɗi. Kada mu ga kamar su kaɗai ke da wannan wadata. Mu ma muna da wa da ƙane, da ya da ƙanwa, inda su sai "brother" da "sister" kawai. Baturen da ke koyon Hausa yana shan irin wahalar yaron nan.

Ƙamus yana da amfani, kowa ya san aikin da Bargery ya yi a nasa na 1934, amma ƙamus jera maka kalmomi ya ke yi, ba ya zaɓa maka. Da mu ka koma makarantar nan, na ce wa ɗalibin ya samo gora ya fita da yara fili. Ya kwantar da ita a ƙasa, yara su ka ce "long". Ya tsai da ita, su ka ce "tall". Ya rataya hularsa a kanta, ya tambaye su ina hula, su ka ce "high". Sa'an nan ya nuna dutse, ya nuna hanya, ya nuna hedimasta yana tahowa daga ofis, yaron nan ne ya fara ɗaga hannu.