Kurajen Fuska da Kafson da Ake Haɗiya Dominsu

Wata rana da la'asar sakaliya na shiga zauren gidan ƙanwata, sai na tarar da ɗanta, saurayi ɗan shekara 17, ya jingina guntun madubi da bango, ya sa 'yan yatsu biyu yana matsar wani ƙurji a haɓarsa kamar mai cire ƙaya, a gefensa kuwa ga 'yar takarda an ƙunshe kafso shida a ciki, irin mai ja da rawayan nan da kowa ya sani. Na ce, "Kai, wa ya ba ka wannan?" Ya ce, "Kawu, a kemis na saya. Abokina ne ya ce shi ya sha nasa suka mutu." Na ce, "To, kwana nawa aka ce ka yi kana sha?" Ya ce, "Ai ba a faɗa ba, na kuɗin da ke hannuna aka ba ni."

Yaron nan bai yi kuskure wajen jinsin maganin ba, domin haƙiƙa likitocin fata a ko'ina cikin duniya sun fi shekara 60 suna rubuta wa masu kurajen fuska irin wannan magani mai kashe ƙwayoyin cuta, wanda ake ce wa antibayotik. Inda ya kauce hanya shi ne wajen sharuɗɗa, kuma malamanmu na fiƙihu sun daɗe da karantar da mu cewa aikin da sharaɗinsa bai cika ba bai inganta ba, ko da surarsa ta yi kama da ta ingantacce.

Kafin a fahimci sharuɗɗan, lalle sai an san yadda ƙurjin yake samuwa. A gindin kowane gashi na fuska da ƙirji da gadon baya akwai wata 'yar jaka da Allah Ya halitta mai tatsar maiƙo, shi kuwa maiƙon yakan biyo ƙofar gashin ya fito ya lausasa fata. Idan yaro ko yarinya suka kai munzalin balaga, sinadaran jiki da ake kira homon sukan sa jakar nan ta ƙara girma ta yawaita tatsa, alhali a lokaci guda matattun ɓawon fata suna taruwa a bakin ƙofar suna liƙe ta. Da ƙofa ta toshe, maiƙo ya taru a ciki babu mafita, sai wata ƙwayar cuta mai suna Cutibacterium acnes, wadda dama tana zaune a fatar kowane baligi lami lafiya ba ta cutar da kowa, ta sami wuri mai duhu da abinci ba iska, ta hayayyafa, jiki kuma ya aiko da dakarunsa su yaƙe ta, daga nan ne kumburi da ja da zafi da mugunya suke fitowa. Sababai huɗu ke nan suka haɗu: yawan maiƙo, toshewar ƙofa, ƙwayar cuta, da kumburi. Ba ƙazanta ce take kawo su ba, balle a ce gurzar fuska da soso da sabulu mai kaifi za ta kore su, ba kuma ɗaukarsu ake yi daga wani ba.

To, shi kafson da ake haɗiya, biyu kaɗai yake taɓawa daga cikin huɗun nan. Yana rage yawan ƙwayar cutar, yana kuma kwantar da kumburi, har ma masana da yawa suna ganin wannan aiki na biyu bai gaza na farko fa'ida ba. Amma bai hana jaka tatsar maiƙo ba, bai kuma buɗe ƙofar da ta toshe ba. Saboda haka wanda kurajensa ƙanana ne, masu baƙin kai ko farin kai marasa zafi, ba shi da buƙatar haɗiyar kome, na shafawa ya ishe shi. Waɗanda likita yake rubuta wa na haɗiya su ne masu kuraje jajaye masu ciwo da yawa, ko masu manyan ƙulluwa a ƙarƙashin fata waɗanda ake tsoron su bar rami, ko wanda abin ya watsu masa har baya da ƙirji inda hannu ba ya kai wa da man shafawa, ko kuwa wanda ya jarraba na shafawa wata biyu ko uku bai ga sauƙi ba.

Dangin maganin da aka fi dogara da su su ne na tetirasaikilin, waɗanda asalinsu daga ƙasar noma ne: wani dattijo masanin tsirrai a Amurka, Benjamin Duggar, shi ya gano na farkonsu a 1945, cikin ƙasar da aka ɗebo masa daga wata gona a jihar Misuri, yana da shekara fiye da 70 a duniya. Daga baya aka sami doksisaikilin a 1967, wanda shi ne yau aka fi rubutawa, galibi miligiram 100 sau ɗaya a yini, ko ƙasa da haka gwargwadon abin da likita ya gani. Akwai kuma minosaikilin, sai dai likitoci da yawa sun ja baya da shi, don yana iya kawo jiri, yana iya rina fata da dasashi su yi shuɗi-shuɗi, wani lokaci ma ya taɓa hanta. Amma Ampiclox da 'yan mata suke yawan saye saboda kuraje, ba ya cikin waɗanda ƙa'idojin likitocin fata suka sa a gaba, Septrin kuwa, ko da yake yana aiki, an ajiye shi sai larura ta kai maƙura, domin akwai wanda in ya sha fatarsa da leɓɓansa suke saluɓewa kamar wanda ya ƙone.

Sharaɗi na farko shi ne ajali. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jiyya a Ingila, wadda ake kira NICE, ta bayyana a 2021 cewa a yi mako 12 ana sha sannan a koma wurin likita ya duba. In kurajen sun kwanta a tsayar da na haɗiya, in sun fara kwanciya ba su gama ba ana iya ƙara wani mako 12, amma kada a wuce wata shida sai da hujja mai ƙarfi. Likitocin fata na Amurka su ma wata uku zuwa huɗu suka iyakance. Wannan ajali kuwa yana da baki biyu, kuma mutanenmu ta kowane baki suna faɗawa: akwai mai kafso shida irin ɗan ƙanwata, wanda zai sha kwana biyu ya duba madubi ya ce magani jabu ne, alhali ba a fara ganin canji sosai sai bayan mako shida zuwa takwas, akwai kuma wadda ta ga amfaninsa sau ɗaya, sai ta mayar da shi kamar goro, shekara biyu tana komawa kemis da tsohuwar takardar likita har ta yage.

Sharaɗi na biyu, wanda a ganina shi ne aka fi jahilta, shi ne ba a shan sa shi kaɗai. Wajibi ne a haɗa shi da na shafawa, kamar benzoyil feroksaid, wanda yake kashe ƙwayar cutar ta hanyar da har yau ba ta iya saba masa ba, ko adafalin, wanda yake buɗe ƙofar da ta toshe, ko kuma dai biyun a haɗe. Hikimar a fili take: na haɗiya kashe gobara ya zo yi ya tafi, na shafawa shi ne mai gadin da zai zauna bayan an kashe ta, kuma wanda ya bar na haɗiya ba tare da ya riƙe na shafawa ba, kada ya yi mamaki in kurajen suka dawo kafin wata biyu. Sai dai a kiyayi tufafi da benzoyil, don yana kore launin tawul da rigar matashi kamar an ɗiga musu bilic.

Akwai kuma ladubban haɗiyar kanta, waɗanda ba na so a raina su. Doksisaikilin, in ya maƙale a maƙoshi ya narke a can, yana iya ƙona hanyar abinci har ya yi gyambo, mutum ya kwana biyu haɗiyar yawu ma tana yi masa wuya. Don haka da cikakken kofin ruwa ake kora shi, a zaune ko a tsaye, kuma ba a kwanciya sai an yi aƙalla rabin sa'a. Mai azumi ya lura da wannan ƙwarai, domin al'adar da yawanmu ita ce a haɗiyi magani a ƙarshen sahur da kurɓi ɗaya a koma shimfiɗa, wanda kuwa ya fi masa shi ne ya sha bayan buɗa-baki da abinci a cikinsa. Tsohon tetirasaikilin, mai ja da rawayan nan, ba ya jituwa da madara da kindirmo da fura da nono, domin sinadarin kalsiyam da ke cikinsu yana kama shi a hanji ya hana shi shiga jini. Maganin ƙarin jini da farin ruwan maganin olsa kuwa haka suke yi wa dangin gaba ɗaya, sai a raba tsakaninsu da sa'a biyu ko uku. Dangin nan kuma yana iya sa fata ta kasa jure rana. Mata yana iya tayar musu da ƙaiƙayin gaba. Wanda kuma ya ji ciwon kai mai tsanani tare da gani dishi-dishi ko bibbiyu, ya tsayar da shi nan take ya nemi likita. Mai ciki, da mai shayarwa, da yaro ƙarami, ba a ba su wannan dangi saboda kuraje, domin yana shiga ƙashi da haƙoran da ke tsirowa ya rina su rinin da asuwaki ba ya fitarwa. Macen da ke sa ran ciki ta faɗa wa likita tun kafin ya ɗora alƙalami, in ya so ya duba mata eritiromaisin ko ya tsaya ga na shafawa da ya dace da halinta.

Me ya sa aka tsananta haka a kan ajali? Domin ƙwayoyin cuta suna sabawa. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, ya yi kashedi tun a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945 cewa shan abin da bai kai ƙima ba yana koya wa ƙwayar cuta juriya, kuma maganarsa ta tabbata har a kan kurajen fuska: a birnin Lids na Ingila, inda aka daɗe ana bibiyar masu zuwa asibitin fata, waɗanda aka samu da ƙwayar da ta daina jin magani sun tashi daga wajen kashi ɗaya cikin uku a 1991 zuwa kusan biyu cikin uku a 1997. Da a fuska abin ya tsaya, da da sauƙi. Amma kafso ba ya sanin domin haɓa aka haɗiye shi, yana ratsa hanji da maƙogwaro da ko'ina, yana kashe masu rauni daga ƙwayoyin da ke can ya bar masu taurin kai su yaɗu, su kuma ba sa tsayawa ga mai su, suna bin hannu da kwano da shadda su kai ga mutanen gida. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.27 ne suka rasu a 2019 saboda ƙwayoyin da suka daina jin magani, kuma yankin da abin ya fi yi wa ɓarna gwargwadon yawan jama'arsa shi ne Afirka ta Yamma. Doksisaikilin ɗin nan dai shi ne ake ba mai kwalara mai tsanani in damina ta zo da annoba, ashe kuwa wanda ya yi israfi da shi a kan ƙurji uku ya taɓa dukiyar da ba tasa ce shi kaɗai ba.

In an cika ajali an kiyaye sharuɗɗa amma manyan ƙulluwa ba su kwanta ba, ƙara kafso ba shi ne mafita ba. Likitan fata yana da aisotiretinoyin, wanda shi yake ƙafar da jakar maiƙon kanta, sai dai yana nakasa ɗan tayi mummunar nakasa, kuma ba a haɗa shi da dangin tetirasaikilin. Ya kamata kuma a tambayi abin da ake shafawa, domin yawancin mayukan bilicin suna ɗauke da sinadarin siteroyid wanda shi da kansa yake tsirar da kuraje, mai kauri na gashi kuma yana toshe ƙofofin goshi, kuma babu antibayotik da zai ci nasara muddin ana ci gaba da su.

Ɗan ƙanwata dai na kai shi asibiti, aka karɓe masa ƙunshin nan, aka rubuta masa na wata uku da man shafawa na dare. A mako na bakwai kumburin ya sauka, amma sai ga shi ya zo mini da ƙara cewa baƙaƙen tabo sun cika masa kumatu. Da muka koma, likita ta ce masa wannan ba aikin kafso ba ne, halin baƙar fata ne ta bar duhu a duk inda aka yi kumburi, musamman inda aka matsa da farce, kuma yakan ɗauki watanni kafin ya dushe. Ta sa ya miƙo hannuwansa, ta duba faratansa, ta ce ya yanke su tun yau.