Gidan Maleeva: Yadda Uwa Ɗaya Ta Fito Da Gwanayen Tanis Uku

A shekarar 1990, da aka fitar da sunayen mata 128 da za su fafata a babbar gasar tanis ta Faransa a birnin Paris, sunan Maleeva ya fito har sau uku: Manuela, Katerina da Magdalena. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, kuma wannan ne karo na farko da 'yan'uwa mata uku suka shiga ɗaya daga cikin manyan gasannin tanis a lokaci guda. 'Yar autarsu shekararta 15 kacal. Daga Bulgeriya suka fito, wata ƙasa a kudu maso gabashin Turai da ke maƙwabtaka da Turkiyya da Girka, wadda a lokacin mutanenta ba su cika miliyan tara ba. Ƙidayar 2021 ma ta nuna sun ragu zuwa kusan miliyan 6.5, alhali Jihar Katsina tun a ƙidayar 2006 tana da mutum miliyan 5.8.

Mai karatu a Ƙofa ko Kusada ko Kankiya zai iya cewa ina ruwanmu da matan Bulgeriya da wasan da ko filinsa ba mu da shi. Ruwanmu shi ne labarin gidan nan yana nuna yadda ake raino gwaninta a wurin da hukuma ba ta damu da ita ba, yana kuma nuna cewa wasa sana'a ce mai jari da riba da asara da ranar ajiyewa.

Uwar gida

Tushen labarin ita ce mahaifiyarsu, Yulia Berberyan, wadda ta ci kambun tanis na matan Bulgeriya har sau tara. Mijinta, Georgi Maleev, ɗan ƙwallon kwando ne. Duk da gwanintarta, duniya ba ta san Yulia ba, saboda zamanin da ta yi tashe ƙasarta na ƙarƙashin mulkin kwaminisanci, fita waje sai da izinin gwamnati. Gwamnatin kuwa ta fi zuba kuɗi a wasannin da ke kawo lambobin Olamfik, irin su kokawa da ɗaga nauyi da wasan motsa gaɓɓai. Tanis ba ya cikin wasannin da ake ba da lamba a Olamfik tun bayan 1924, ba a mayar da shi ba sai 1988, don haka ba shi da wani gata a wurin mahukunta.

Abin da Yulia ba ta samu ba sai ta nema wa 'ya'yanta. Ita ce kocinsu, ita ke tsara horo, ita ke raka su tafiya. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma gado kaɗai ba ya kai yarinya Paris. Sai da aka haɗa da shekaru na bugun ƙwallo kullum, tun yaran suna ƙanana.

Manuela, wadda ta share hanya

An haifi Manuela a Sofiya, babban birnin ƙasar, ranar 14 ga Fabrairun 1967. A 1982, tana da shekara 15, ta ci gasar Faransa ta rukunin 'yan mata, ta kuma shiga sahun ƙwararru. Shekarar 1984 ce ta fito da ita fili: ta ɗauki kofi biyar, ciki har da na Italiya, inda ta doke Chris Evert ta Amurka a wasan ƙarshe. A lokacin Evert da Martina Navratilova su ne suka raba duniyar tanis ta mata tsakaninsu, don haka duk wadda ta kayar da ɗayarsu sai an waiga an dube ta. A shekarar dai ta ci gasar Amurka ta 'yan bibbiyu, namiji da mace, tare da Tom Gullikson. Kafin ta cika shekara 18, a watan Fabrairun 1985, ta hau matsayi na uku a duniya.

A Olamfik na 1988 a Koriya ta Kudu ta samo wa Bulgeriya lambar tagulla, bayan Gabriela Sabatini ta Ajantina ta tare ta a wasan kusa da na ƙarshe. Ta riga ta auri wani kocin tanis, François Fragnière, mutumin Suwizalan, a 1987, kuma daga 1990 ta koma bugawa da tutar ƙasar mijinta. Ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar Amurka a 1992 da 1993. A Fabrairun 1994, watan da ta cika shekara 27, ta ci gasar Osaka a Japan, ta ajiye raket da kofi a hannu. Jimillar kofunanta na 'yan ɗaiɗai 19 ne.

Akwai abin lura a nan. Duk tsawon shekarun da ta yi cikin goman farko na duniya, Manuela ba ta taɓa ɗaukar ɗaya daga cikin manyan kofuna huɗu na 'yan ɗaiɗai ba. Ta faɗo tsakanin zamanin Evert da Navratilova da zamanin Steffi Graf da Monica Seles. Wannan bai hana ta tara sama da dala miliyan uku na ladan gasa ba, domin a wannan sana'a wanda ya daɗe a sahun gaba yana ci, ko da bai taɓa zama sarki ba.

Ƙannenta sun bi sawu. Katerina, haihuwar 1969, ta kai matsayi na shida a 1990, ta ci kofi 11. Magdalena, haihuwar 1975, ta ci gasar 'yan mata ta Ostireliya da ta Faransa da ta Amurka duk a 1990. A gasar Amurka ta 1992 ta fitar da Navratilova, ta ci gaba har ta yi karo da yayarta Manuela a zagayen 'yan takwas. Ta kai matsayi na huɗu a Janairun 1996. Daga nan ciwon kafaɗa ya kwantar da ita, aka yi mata aiki, matsayinta ya zube. Ta farfaɗo har ta ci babbar gasar Mosko a 2002, inda ta doke Venus Williams da Lindsay Davenport, ta yi ritaya a 2005 da kofi 10. Gida ɗaya, kofi 40.

Yadda sana'ar take

Yawancinmu mun fi sanin ƙwallon ƙafa, inda kulob ke sayen ɗan wasa, ya yanka masa albashi, ya ɗauki nauyin jirginsa da likitansa, ko ya buga ko ya zauna a benci. Tanis ba haka yake ba. 'Yar tanis ta fi kama da ɗan kasuwa mai bin kasuwannin mako, yau Charanchi gobe Mai'aduwa: kuɗin mota daga aljihunsa, kuma in kasuwa ba ta yi kyau ba babu wanda zai mayar masa. Ita ke biyan kocinta, da tikitin jirginta da nasa, da kuɗin ɗaure igiyoyin raket, da mai yi mata tausa. Abin da za ta samu ya danganta da zagayen da ta kai. Ranar da aka fitar da ita, ranar kasuwarta ta tashi.

Gasannin hawa-hawa ne. A ƙasa akwai ƙananan gasanni na Hukumar Tanis ta Duniya, ITF, waɗanda mafi ƙanƙantarsu dala 15,000 ne gaba ɗaya abin da 'yan wasa za su raba. A sama akwai gasannin WTA, ƙungiyar ƙwararrun mata da Billie Jean King ta jagoranci kafawa a 1973. A ƙololuwa akwai manyan huɗu: Ostireliya a Janairu, Faransa a ƙarshen Mayu, Wimbledon ta Ingila a tsakiyar shekara, sai Amurka a ƙarshen Agusta. Faransa kan jar ƙasa ake bugawa, Wimbledon kan ciyawa, sauran biyun kan daɓe mai tauri, kuma kowane fili da irin tashin ƙwallonsa. Mai son ɗaukar kofi a cikinsu sai ta ci wasa bakwai a jere cikin mako biyu. Gasar Amurka ta daidaita ladan maza da mata tun 1973, Wimbledon kuwa sai 2007.

Abin da ke buɗe ƙofar manyan gasanni shi ne matsayi, shi kuma da maki ake samunsa. Makin da 'yar wasa ta samu mako 52 kawai yake yi, sai ya goge. Wadda ta ci gasa bara, in ba ta maimaita bana ba, za ta ga sunanta na gangarowa. Shi ya sa rauni ke zama asara biyu: ga kuɗin magani, ga makin da ke zagwanyewa tana kwance. Abin da ya sami Magdalena ke nan. Ga kuma jarabar neman gajeriyar hanya. Wata 'yar Bulgeriya, Sesil Karatantcheva, ta doke Venus Williams a Paris a 2005 tana da shekara 15, amma a farkon 2006 aka dakatar da ita shekara biyu saboda an sami haramtaccen sinadari a jikinta, kuma ba ta sake kai wancan tashe ba.

Aure, haihuwa da sutura

Tambayar da iyaye a ƙasar Hausa za su fara yi ita ce ta aure da sutura, kuma tambaya ce mai kan gado. Manuela da aurenta ta buga shekara shida na ƙarshe, bayan ta ajiye ta haifi 'ya'ya uku. Tsvetana Pironkova, 'yar birnin Plovdiv wadda mahaifinta ya horar, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Wimbledon a 2010, ta yi aure, ta haihu a 2018. Bayan shekara uku ba ta buga gasa ba, ta dawo a gasar Amurka ta 2020 ta kai zagayen 'yan takwas, inda Serena Williams ta sha da ƙyar a hannunta. A wannan zagaye uwaye uku ne suka fito: su biyun da Victoria Azarenka. Dokar WTA ta 2019 ce ta ba mai jego damar dawowa da tsohon matsayinta cikin shekara uku, kuma a Maris na 2025 ƙungiyar ta sanar da hutun haihuwa mai biya har na wata 12, da kuɗin asusun zuba jari na Saudiyya.

Ta fuskar sutura, dokokin wasan ba su ce sai da ɗan guntun siket ba, kuma tun 2019 WTA ta fito fili ta halatta dogon wando. Musulman mata sun yi suna a fagen. Ons Jabeur ta Tunisiya, wadda ita ma mahaifiyarta ce ta fara kai ta fili, ta kai wasan ƙarshe na Wimbledon a 2022 da 2023, ta hau matsayi na biyu a duniya. Mayar Sherif ta Masar da raket ɗinta ta yi karatun jami'a a Amurka. A makarantar 'yan mata mai katanga, da malama mace, yarinya za ta iya koyon wasan cikin suturar da iyayenta suka yarda da ita.

Mu nan gida

Buga ƙwallo a bango ba baƙon abu ba ne a Katsina. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 ta koya wa ɗalibanta wasan fives, wanda da tafin hannu ake buga ƙwallo a jikin bango, kuma Sardauna Ahmadu Bello ya shahara da shi. A Kano akwai gasar tanis ta Dala da aka shafe shekaru ana yi, maza da mata. Nduka Odizor, wanda ya fara da ɗauko wa masu wasa ƙwallo a Legas, ya kai zagaye na huɗu a Wimbledon a 1983. Ke nan ba ƙashin gwaninta muka rasa ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda zai zauna da yaro shekara goma yana gyara masa riƙon raket, musamman in yarinya ce.

Gaskiya ita ce cikin dubban yaran da ke fara tanis, ƙalilan ne ke cin abinci da ladan gasa, kuma wanda ya cire 'yarsa daga makaranta don wasa ya yi caca. Amma sana'ar tana da rassa: koci, alƙalin wasa, malamar motsa jiki, gurbin karatu kyauta. Su kansu 'yan gidan Maleeva da suka ajiye raket ba su zauna ba. Sun buɗe kulob ɗin tanis a Sofiya mai ɗauke da sunan gidansu, inda ake koya wa yara, Magdalena kuma ta shiga kafa kamfanin abinci mai suna Harmonica.

Farawa ba ya buƙatar kasafin kuɗin tarayya. Filin tanis tsawonsa mita 23.77 ne, faɗinsa mita 10.97, wato bai kai kwatan filin ƙwallon ƙafa ba. Tsayin raga a tsakiya santimita 91 ne. Shugabar makarantar da ba ta da kuɗin daɓe za ta iya sa a shafe bango ɗaya da siminti, a ja layi a wannan tsayi, a nemo raket huɗu na gwanjo da ƙwallaye. Ƙungiyar iyaye da malamai da tsofaffin ɗalibai sun isa su ɗauki wannan nauyi a zango ɗaya. Sai kuma abin da ya fi siminti tsada: malama guda da za a tura kwas, a bar ta a makarantar ta daɗe, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma mai tanƙwarawar ba ta yiwuwa a canza ta duk shekara. In sassan ilimi na Kankiya da Kusada suka gwada wannan a makarantar 'yan mata ɗaya kowanne, suka haɗa su gasa sau ɗaya a shekara, za a san cikin 'yan shekaru ko akwai yarinyar da ta cancanci a kai ta Kano ta gwada hannu a gasar Dala.