Shimfiɗa Wayoyi da Daidaita Suwic a Ɗakin Uwar Garke bisa Yanayin Zariya

1.0 Gabatarwa

Wanda ya tsaya a kan Dutsen Kufena, inda tarihin baka ya ce sarakunan Zazzau sun zauna bayan sun baro Turunku, yana da birnin Zariya wajen gabas da shi, Samaru kuwa wajen arewa. A wannan tsakani akwai makarantu da asibitoci da ofisoshi masu ɗimbin yawa, waɗanda a yau ajiyar sunayen ɗalibai da sakamakon jarrabawa da takardun marasa lafiya duk ta koma cikin kwamfuta. Babbar kwamfutar da ke riƙe da irin wannan ajiya, sauran suna ɗiba daga gare ta, ita ake kira uwar garke, ma'aikata kuma suna ce mata saba. Na'urar da ke haɗa ta da sauran kwamfutoci ita ce suwic, watau akwatin ƙarfe mai kafofi 24 ko 48, wanda ke karɓar saƙo ta wata kafa ya fitar da shi ta kafar mai shi kaɗai.

Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, ita ce ta fi daɗewa da wannan harka a ƙasar Zazzau, ta hannun cibiyarta ta kwamfuta mai ɗauke da sunan Farfesa Iya Abubakar. Gidauniyar MacArthur ta Amurka ta tallafa mata wajen shimfiɗa wayar gilashi, sa'an nan a 2014 aka ƙaddamar da NgREN domin haɗa jami'o'in tarayya. Amma ƙananan ma'aikatu da ke kwaikwayon wannan aiki su ne abin damuwar wannan takarda. Ra'ayin da za a kare shi ne cewa a yanayi irin namu tsadar suwic ba ta hana aiki tsayawa. Abin da ke hanawa shi ne ingancin waya da 'yan saituka ƙalilan da yawanci ake tsallakewa.

2.0 Waya

Tsarin Ethernet, wanda Robert Metcalfe da abokan aikinsa suka ƙirƙiro a kamfanin Xerox a 1973, ya koma bisa murɗaɗɗiyar wayar tagulla a 1990. Wannan waya tana ɗauke da silai takwas, an murɗe su biyu-biyu, kuma murɗin nan shi ne ke kare saƙo daga hayaniyar lantarki. Saboda haka ƙa'ida ta hana a warware fiye da milimita 13 a bakin waya lokacin ɗaurawa, ta kuma hana a lanƙwasa ta sosai ko a shaƙe ta da maɗauri. Iyakar tsawonta mita 100 ne, watau 90 a cikin bango, 10 kuma na gajerun wayoyin da ke bakuna biyu. Nau'in Cat5e yana ɗaukar gigabit ɗaya. Cat6 yana kai gigabit goma amma bai wuce kimanin mita 55 ba. Cat6A ne ke kai goman har mita ɗari. Jerin launuka iri biyu ne, T568A da T568B, kuma babu wanda ya fi wani, illa dai a zaɓi ɗaya a dawwama a kansa a ginin duka.

A nan ya kamata a yi hattara da kasuwa. Akwai waya mai araha da aka yi da alminiyam aka shafe shi da tagulla, ga kwali mai kyau ga rubutun Cat6 a jiki. Tana aiki a gajeren zango, shi ya sa mai saye ba ya ganewa ranar farko, amma tana saurin karyewa, tana kuma zafi idan aka bi da wuta ta cikinta zuwa kyamara ko tarho. Gwajin kuwa mai sauƙi ne: a kankare sili ɗaya da wuƙa, in fari ya bayyana a ƙarƙashin ja, to, a mayar wa mai shago kayansa.

Babban al'amari shi ne tsawa. Farkon damina a Zariya, wajen watan Afrilu da Mayu, hadari yakan zo da iska da aradu. Ba lalle ne tsawa ta faɗa kan gini ba kafin ta yi ɓarna. In ta sauka kusa, ƙarfin lantarkin ƙasa a gindin wannan gini yakan bambanta da na wancan na ɗan lokaci, wayar tagullar da ta haɗa su kuwa sai ta zama hanyar da wutar za ta bi. Na taɓa ganin wata makaranta da aka ja waya ta bisa rufin kwano daga ofis zuwa ɗakin karatu; hadari ɗaya ya ƙone suwic na kowane ɓangare, aka sayi sababbi, aka sake jona su da wayar nan dai. Hukuncin a ganina ba shi da sassauci: tagulla ba ta fita daga gini. Tsakanin gini da gini sai wayar gilashi, wadda haske ne ke bi ta cikinta, ba ta ɗaukar wuta. Nau'inta na OM3 yana kai gigabit goma zuwa mita 300, mai siririn ciki kuwa yana kai kilomita 10 ko 40 gwargwadon fitilar da aka sa masa, irin wanda ake bukata ke nan domin haɗa wurare masu nisa kamar Samaru da Kongo da Shika. A binne ta cikin bututu, a kuma kafa alama a bisa, domin mai haƙan kwata da ɓera ba su san darajarta ba.

Cikin ɗakin kansa, na'urori suna hawa kantar ƙarfe mai faɗin inci 19. Wayoyin bango su ƙare a allon jone-jone, daga nan gajeru su kai ga suwic, kowace da lamba iri ɗaya a bakunanta biyu. Kanta ta samu wayar da ke kai wuta ƙasa. Masana sanyaya ɗaki na Amurka sun ba da shawarar digiri 18 zuwa 27, abin da bazararmu ba ta bayarwa sai da na'urar sanyi, ƙurar hunturu kuma tana toshe fankokin suwic in ba a rufe tagogi an riƙa sharewa ba.

3.0 Daidaita Suwic

Sabon suwic daga kwali yana aiki ba tare da an taɓa shi ba, kuma wannan shi ne tarkonsa, domin yana zuba kowa a fili ɗaya: kwamfutar ɗalibi da ta ma'aji da uwar garke duk suna jin shelar juna. Magabatan da suka kewaye Zariya da ganuwa sun bar ƙofofi sanannu, irin su Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana, domin a san ta inda baƙo ya shigo. Abin da VLAN ke yi ke nan. Ƙa'idar IEEE 802.1Q ta 1998 ta ba da damar a raba suwic ɗaya zuwa unguwanni har 4094, kowane saƙo da lambar unguwarsa, babu mai tsallakawa sai ta na'urar da aka ɗora wa tsaron ƙofa. Ƙaramar ma'aikata ba ta bukatar fiye da huɗu ko biyar: ta uwar garke, ta ma'aikata, ta ɗalibai ko baƙi, da wadda ake sarrafa su suwic ɗin kansu. Kafar da ba a amfani da ita a kashe ta. A canza kalmar sirrin da kamfani ya sa, a kuma shiga na'urar ta SSH, domin tsohuwar hanyar Telnet tana aika kalmar sirri a buɗe.

Uwar garke mai muhimmanci tana son waya biyu, mafi kyau zuwa suwic biyu dabam, yadda in ɗaya ya mutu aiki ba zai tsaya ba. Ƙa'idar LACP ta shekarar 2000 tana ɗaure wayoyi biyu su zama kamar ɗaya. Sai dai in za a raba su ga suwic biyu, dole ne su biyun su kasance irin waɗanda ake haɗewa su yi aiki da kai ɗaya, kuma a yi saitin a ɓangarorin biyu.

Yawan hanyoyi kuwa yana da nasa haɗari. In wayoyi suka yi zobe, saƙon shela yakan dinga kewayawa yana ninkuwa har komai ya cushe cikin 'yan daƙiƙu, ko da kuwa masinja ne ya tsinci bakin waya a ƙasa ya soke shi a bango da kyakkyawar niyya. Radia Perlman ta warware wannan matsala a 1985 da dabarar da ake kira STP, inda su suwic ke zaɓen shugaba, su toshe hanyar da ta yi rara har ranar da za a bukace ta. Tsohon tsarin yakan ɗauki daƙiƙa 30 zuwa 50 kafin ya farfaɗo. RSTP na 2001 ya rage wannan ƙwarai, shi ya kamata a kunna. Amma ga inda ake yawan tuntuɓe. A yawancin na'urori lambar fifiko 32768 ce tun daga kamfani, in kuwa aka yi kunnen doki sai mai ƙaramar lambar MAC ya ci zaɓe, wanda sau da yawa shi ne mafi tsufa a gidan. Ta haka wani tsohon akwati da ke ƙarƙashin teburin akawu yakan zama sarkin hanyoyi ba da sanin kowa ba. Magani shi ne a rage lambar babban suwic da hannu, alal misali zuwa 4096, na biyunsa 8192, sa'an nan a sa kafofin ofisoshi su rufe kansu da zarar an jona musu baƙon suwic.

Saura batun ɗaukewar wuta. A na'urorin Cisco da masu kama da su, saitin da aka rubuta yana zaune ne a ƙwaƙwalwar wucin gadi har sai an ba da umarnin adana shi. Ma'aikaci yakan yini yana gyara, komai ya tafi daidai, bayan mako uku wuta ta ɗauke kafin janareto ya tashi, suwic ya farka da tsohon saitinsa, shi kuwa mai gyaran ya manta abin da ya yi, ko ma an yi masa canjin wurin aiki. Don haka batirin ajiya ya riƙe suwic kamar yadda yake riƙe uwar garke, a adana saiti bayan kowane canji, a kwafe shi a wata kwamfuta da ke wajen ɗakin, a kuma rataye littafi a jikin kanta mai nuna kowace kafa da lambar wayarta da ofishin da ta nufa da ranar da aka taɓa ta.